Bayan da Ya Ɗauki Jazira: Tarihin Ciwon Jiki da Masu Gyaransa a Ƙauyukan Hausawan Makwar

Idan ana ba da tarihin madatsar ruwan Sinnar da ke ƙasar Sudan, abin da aka saba ambata shi ne girmanta da yawan audugar da ta shayar. Za a ce maka tsawonta ya kai mita 3,025, tsayinta kimanin mita 40, kuma an kammala ta a 1925. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani lissafi da bai shiga littafin injiniyoyi ba, wato na ƙugu da gwiwoyi da kafaɗun mutanen da suka haƙa ƙasa suka ɗauki dutse, daga baya kuma su da 'ya'yansu da jikokinsu suka ƙare rayuwa a sunkuye suna cirar auduga. Da yawa daga cikinsu Hausawa ne da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen Sudan ke haɗawa su kira Fallata ko Takari. Tambayar da wannan rubutu zai bi sawunta ɗaya ce: in bayan ɗayansu ya riƙe, ko gwiwa ta kumbura, ko ƙashi ya goce, wa ke gyara shi? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin bai ƙare ba.

Yadda aka je Makwar

Makwar sunan wani ƙauye ne a bakin Shuɗin Nilu, kusa da kufan tsohon birnin Sinnar, wanda ya kasance fadar daular Funj daga 1504 zuwa 1821. A nan Turawan Ingila suka zaɓi su datse kogin, shi ya sa tsofaffi har yau suke cewa madatsar Makwar. An fara shirin aikin a 1914, Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da shi, sannan kamfanin S. Pearson and Son ya karɓa a 1922 ya ƙarasa.

Hausawa sun riga madatsar zuwa wannan yanki. Tun ƙarnoni da suka wuce mahajjata ke ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kordofan a ƙafa ko a kan jaki, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, wani ya shekara biyu a hanya, wani goma, wani kuma a can ajali zai same shi. Babbar guguwa ta zo ne a 1903. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. A Burmi aka yi gumurzun ƙarshe ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, tafiyar 'yan kilomitoci kudu da Sinnar.

Da aka tashi gina madatsa da yanka magudanan ruwa, abin da Turawa suka fi ƙaranci shi ne hannu. An kawo leburori daga kudancin Masar, an ɗauki 'yan ƙasa, an kuma juya ga mutanen yamma, waɗanda ke neman kuɗin ƙarasa tafiya Makka. Garin Mai Wurno ya zama mashiga, baƙo ya sauka, a nuna masa inda aiki yake. Haka ƙauyukan Hausawa suka yi ta tsirowa a gefen kogi da bakin magudanai. Masana biyu sun zauna da waɗannan mutane sun rubuta rayuwarsu: Mark Duffield, wanda littafinsa a kan Mai Wurno ya fito a 1981, da Bawa Yamba, mutumin Gana, wanda a 1995 ya fitar da nasa a kan Hausawan da har jikoki suna kallon kansu a matsayin mahajjatan da ba su ƙarasa tafiya ba.

Abin da aikin ke yi wa jiki

Shirin noman Jazira ya fara da fadan 300,000, kuma fadan ɗaya ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Da aka ƙara ɓangaren Manakil a wajejen 1960, filin ya haura fadan miliyan 2. An yanka shi gonaki-gonaki da ake kira hawasha. Mai hawasha yana da kashi 40 cikin 100 na kuɗin audugar, gwamnati da kamfanin Turawa su raba saura, har zuwa 1950 da gwamnati ta karɓe ragamar gaba ɗaya. Ɗan ƙwadago kuwa ba shi da kaso, abin da ya ciro a ranar shi za a auna a biya shi. A shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi wasu masu gonaki suka gudu, Hausawa kaɗan sun samu hawasha. Mafi yawa dai sun ci gaba da zama 'yan ƙwadago, suna zaune a matsugunan da ake kira kambo, jam'insa kanabi.

Ƙasar Jazira baƙar laka ce. In ta bushe ta tsage ta yi tauri kamar dutse, in ta sha ruwa ta danƙare a ƙafa da bakin fartanya. Mai yashe ƙananan magudanan da ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta yana tsaye cikin ruwa ne, ya sunkuya, ya cika shebur da laka, ya murɗa ƙugu ya jefar, ya maimaita haka ɗaruruwan lokuta kafin azahar. Mai noma da turiya, wato fartanyar mutanen Sudan, shi ma haka. Cirar auduga kuwa, wadda ke kamawa daga Janairu zuwa wajen Afrilu, mata da yara ne suka fi yawa a cikinta, a sunkuye, da buhu a gefe, wata ma da goyo.

Duk likitan ƙashi zai gaya maka abin da wannan ke haifarwa. Tsokokin da ke riƙe da ƙashin baya suna gajiya in aka daɗe a tanƙware, nauyin ya koma kan jijiyoyi da faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan. Ɗaga kaya tare da murɗa jiki shi ne ya fi matsa musu. Gwiwar da ta shekara talatin tana tsuguno da ɗaukar kaya, guringuntsin da ke hana ƙasusuwanta gogayya yana iya sirancewa, abin da muke kira amosanin gaɓɓai. Kafaɗa kuma tana iya sandarewa har mutum ya kasa ɗaga hannu ya sa riga. Hausawa suka ce jiki magayi. Audugar ta tafi masaƙun Lankashaya a Ingila, ciwon ya kwana a kambo.

Cutar da gwamnati ta gani

Ba za a ce gwamnatin mulkin mallaka ba ta damu da lafiyar Jazira ba. Ta damu ƙwarai, amma da cututtukan da ke iya kwantar da dubban ma'aikata lokaci guda su tsayar da aiki. Ruwan da aka baza a fili ya kawo sauro da dodon koɗi, wato zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. A asibitin Khartum ne likita J. B. Christopherson ya gano wata allura da ke kashe tsutsar tsargiya, ya kuma bayyana sakamakon a 1918. Leburorin da ke shigowa daga Masar ana tsare su a Wadi Halfa a gwada su kafin a bar su su wuce. Da annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ta shigo Darfur a 1926, matafiyan yamma ma sun sha bincike a kan iyaka. A 1924 aka buɗe makarantar koyon likitanci ta Kitchener a Khartum. Ko bayan samun 'yanci a 1956 hanyar ba ta sauya ba. Babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka ƙaddamar a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, zazzaɓi da tsargiya da gudawa ya sa a gaba.

Wannan ba laifi ba ne, don waɗannan cututtuka suna kisa. Sai dai ciwon baya ba ya yaɗuwa, kuma in ya kwantar da lebura ɗaya, gobe wani sabo zai iso daga yamma ya maye gurbinsa. Saboda haka babu wanda ya ƙidaya shi. Ga kuma matsalar takarda: dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun sa da yawa daga cikin zuriyar mutanen yamma sun daɗe ana musu kallon baƙi, ko da a nan aka binne cibiyarsu. Kambon da ba a ɗauke shi ƙauye a hukumance ba, da wuya a gina masa ɗakin shan magani. Mai ciwon gaɓɓai sai ya koma ga abin da ya taho da shi daga gida.

Maɗori da wanzami da basir

Ayarin da ya baro ƙasar Hausa bai taho da malamai da fatake kaɗai ba. Akwai wanzamai da zabirarsu, akwai maɗora waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, akwai tsofaffin mata da suka iya tausa da gasa jikin mai jego. Maɗori yana lalubar wurin da yatsa, ya bambance karaya da targaɗe da gocewa, ya ja gaɓar ta koma mazauninta, ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya yi tofi. Wanzami ya kafa ƙaho a baya ko kafaɗa, ya yi tsaga, ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. Wanzaman Hausa sun yi suna a kasuwannin Sudan da wannan aiki, kuma kasancewar ƙaho yana da asali a sunna ya sa Balarabe da Bahaushe duk suka yarda da shi.

A can suka tarar da takwarorinsu. Mutanen Sudan suna kiran maɗori basir, mace kuma basira, kuma a Omdurman sunan Bit Batti ya shahara a wannan fanni har ya zama abin misali. Basir yana ɗori, yana tausa, yana kuma lalas da ƙarfe mai zafi a inda ciwo ya ƙi ji. Da zama ya yi zama, hannun biyu suka cakuɗa. Kaɗanya ba ta fitowa a Jazira, saboda haka man riɗi mai ɗumi ya maye gurbin man kaɗe wajen murza gaɓɓai. Matan Hausa suka koyi dukhan, wato zama a kan ramin hayaƙin itacen ɗalha a lulluɓe da bargo. Mu a Kano da Maradi mun san shi ne a matsayin gyaran amarya, amma a Sudan tsofaffi ma suna shiga don sanyin ƙashi. Ita kanta dilka da ake yi wa amarenmu, asalin kalmar a Larabci murzawa ce. A arewacin ƙasar kuma, yankin Ga'ab da ke yamma da Dongola, har yau mutane na zuwa a binne su cikin yashi mai zafi saboda ciwon gaɓɓai.

Adalci shi ne a faɗi abin da waɗannan mutane suka iya da inda suka tsaya. Ɗumi da tausa suna sassauta tsokar da ta ɗaure, kuma karaya mai sauƙi da ba ta fasa fata ba takan haɗe in an daidaita ta an hana ta motsi. Maɗori yana kusa, yana jin harshenka, yana karɓar abin da ya sawwaƙa ko ya jira kaka. Amma ɗaurin da ya yi tsanani yana tare jini, gaɓa ta kumbura ta yi baƙi ta ruɓe, kuma likitocin ƙashi a Sudan da Najeriya sun sha yanke hannun yara saboda haka. Askar da aka yi wa mutum biyu tsaga da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau. Sannan ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya. Cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono, wadda 'yan Sudan ke kira maltiyya, tana zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. Sikila ma haka. Babu ƙahon da zai taɓa waɗannan.

Akwai kuma giɓi ɗaya da ya fi kowanne girma. Aikin maɗori yakan ƙare ranar da aka kwance kara. To amma gaɓar da ta yi sati shida a ɗaure ta sandare, naman wurin ya zube, ƙarfi ya tafi. Ƙashi ya haɗe, mutum bai koma gona ba. A daidai wannan wuri ne wani sabon ilimi ya shigo duniya.

Inda gashin ƙashi ya fito

Abin da muke kira gashin ƙashi, ko fisiyo a bakin ma'aikatan asibiti, Larabawa kuma su ce al-ilajuɗ ɗabi'i, sunansa na Hausa ya rage masa daraja kaɗan, don gashi ƙaramin ɓangare ne na aikin. Ginshiƙinsa motsa jiki ne da aka auna aka tsara don wata tsoka ko gaɓa ta musamman. A 1813 wani mutumin Suwidin mai suna Per Henrik Ling ya kafa cibiya a birnin Stockholm inda ake koyar da motsa jiki da tausa a matsayin magani. A 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, domin su raba sana'arsu da gidajen banza da ke fakewa da sunan. Ƙungiyar ta samu amincewar masarauta a 1920, kuma a 1944 ta ɗauki sunan da take da shi yau.

Abu biyu ne suka ɗaga sana'ar: yaƙi da shan inna. Yaƙin Duniya na Farko ya dawo da dubban samari gida da karyayyun gaɓɓai da yankakkun ƙafafu, gwamnatoci suka ga ɗinke rauni bai isa ba, sai an koya wa mutum tafiya da riƙe cokali. A Amurka Mary McMillan ta jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1921. Annobar shan inna da ta addabi Turai da Amurka har zuwa shekarun 1950 ta ƙara buƙatarsu. A 1951 ƙungiyoyin ƙasashe 11 suka haɗu a Copenhagen suka kafa ta duniya, kuma ranar da suka fara zama, 8 ga Satumba, ita ake tunawa kowace shekara.

Mai karatu ya lura da shekarun. Lokacin da ake koya wa sojan Ingila miƙe gwiwa a asibitin Landan, a lokacin ne Bahaushe ke ɗaukar dutse a Makwar ƙarƙashin tutar gwamnati ɗaya. Ilimin yana nan, wanda za a yi wa amfani da shi ne aka zaɓa.

Ya iso, amma ya sauka a birni

A Najeriya sana'ar ta shigo a 1945 ta hannun Turawa biyu da aka kawo asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, inda ake jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1959 aka kafa ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa, a shekarar kuma aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, kuma yau Jami'ar Bayero tana yaye nata ɗaliban.

A Sudan abin ya fi jinkiri. An daɗe ana dogaro da 'yan ƙalilan da suka yi karatu a waje da mataimakan da aka horar a gida, mafi yawansu a Khartum, a manyan asibitoci da gidan Cheshire da ke kula da yaran da shan inna ya naƙasa. Jami'ar mata ta Ahfad da ke Omdurman ta buɗe digirin fisiyo a 2007 da haɗin gwiwar 'yan Norway. Abin sha'awa, tushen wannan jami'a makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a 1907 a Rufa'a, a bakin Shuɗin Nilu, shekara ɗari cif kafin nan. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ta yi fice wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka su zauna da jama'a, abin da ya kusantar da asibiti ga talaka.

Duk da haka lissafin bai fita ba ga mutumin kambo. Daga Sinnar zuwa Wad Madani kimanin kilomita 100 ne, zuwa Khartum kusan 300. Gashin ƙashi kuwa ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a tafi, zuwa ne sau biyu ko uku a mako har tsawon makonni. Wanda abincin gidansa ke rataye da abin da ya ciro yau ba zai iya wannan zirga-zirga ba. Sai ƙwaya ta cike gurbin. Diclofenac da ibuprofen suna kashe zafi, amma yawan shansu yana ƙwaƙule ciki ya raunana ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana da ƙarancin shan ruwa. Dexamethasone da ake haɗawa a cikin ƙullin maganin gajiya yana kumbura fuska, yana tayar da sukari, yana kuma rage ƙwarin ƙashin da ake neman gyarawa. Wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san tashoshin mota a Kano ko Zariya.

Darasin ungozoma

Abin da ya sa wannan tarihi ke da ciwo shi ne, Sudan ɗin nan ta taɓa warware irin wannan matsala a wani fanni. A 1921 wata Baturiya mai suna Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta taya ta. Ba su jira sai an samu 'yan mata masu ilimin boko ba. Sun ɗauko ungozomomin gargajiya, waɗanda ba su iya karatu ba, suka koya musu wanke hannu da tafasa kayan aiki da gane magani ta wari da ɗanɗano, da kuma sanin alamar da ke nuna haihuwa ta fi ƙarfinsu. Aka ba kowace akwatinta ta koma garinsu. Wannan tsari ya bazu a faɗin ƙasar ya kuma daɗe.

Ba a yi wa basir da maɗori irin wannan ba. An bar su tsakanin raini da kawar da kai: likita yana zaginsu in an kawo masa ruɓaɓɓen hannu, jama'a kuma ba su fasa zuwa wurinsu ba. Inda aka gwada koyar da su, a Habasha da kudancin Najeriya, likitocin da suka yi aikin sun ba da rahoton raguwar yanke gaɓɓai. Abin da ake koya musu ba shi da yawa: kada ɗauri ya matse, a duba yatsu ko sun yi sanyi ko sun canza launi, karayar da ta fasa fata ko ta shiga gaɓa ta asibiti ce, aska ɗaya mutum ɗaya. In aka ƙara musu da motsin da za a koya wa majinyaci bayan an kwance kara, an rufe rabin giɓin.

Ilimin zamani ma ya matso kusa da abin da ƙauye zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma adadin zai kai miliyan 843 a 2050. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a samun wata takamaimiyar cuta a tare da su. A ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023, hukumar ta fifita wayar da kan majinyaci da motsa jiki da tausa, ta kuma yi gargaɗi a kan ɗamarar baya da jan ƙashi da na'ura da ƙwayoyi masu sa maye. Doguwar kwanciya ma an gano tana ƙara ciwon. Ke nan mafi yawan abin da ke aiki ba ya buƙatar lantarki. Yana buƙatar wanda ya sani, ya duba mutum, ya nuna masa abin da zai yi a kan tabarmarsa, ya kuma gane alamun haɗari: ciwon baya tare da zazzaɓi ko rama, mutuwar ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko gaɓar da ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya. Waɗannan ba a kwana da su a gida.

Bayan yaƙi

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A Disamban shekarar Wad Madani ta faɗa hannun dakarun, a ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta bi, garin Sinnar kuma ya sha ruwan bama-bamai. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025, kuma a kwanakin ne ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kanabi. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, an wawushe asibitoci, ma'aikatan lafiya da yawa sun tsallaka ƙetare. Jikokin waɗanda suka taka daga Burmi sun sake ɗaukar kaya a ka.

Duk ranar da bindiga ta yi shiru, za a wayi gari da masu harbi a cinya, da waɗanda aka yanke wa ƙafa, da karayar da ta haɗe a karkace don babu likita, da tsofaffin da suka yi tafiyar kwanaki da gwiwar da dama can ta gaji. Tarihi ya nuna cewa bayan yaƙi ne ƙasashe ke gane darajar gashin ƙashi. A Mayun 2023 ma babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙuduri na farko da ke kira ga ƙasashe su sa farfaɗo da jiki cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko. Abin jira a gani shi ne ko a wannan karo aikin zai wuce Khartum da Wad Madani ya isa bakin magudanai.

Mu da ke Kano da Katsina da Sakkwato da Maradi muna da rabo a cikin wannan. Harshenmu ɗaya da mutanen Mai Wurno, kuma muna da makarantun da ke yaye likitocin fisiyo masu jin Hausa. Bayanin yadda ake miƙe gwiwa bayan ɗori, ko yadda ake ɗaga buhu ba tare da an karya ƙugu ba, in aka yi shi da Hausa a rediyo ko a waya, zai yi amfani a Sinnar kamar yadda zai yi a Kura ko Bakalori, inda manomanmu na rani ke sunkuye a irin wannan laka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan fisiyo yana da ilimin, maɗori yana da amanar jama'a, kuma shekara ɗari da gina madatsar Makwar ya isa a ce sun zauna a tabarma ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa.